Ƙafafun Kujerar Malam Bashir

Lokacin da Muhammad Bashir yake da ƙarfinsa, ba ya yarda a ce masa kafinta. Zanen kayan ɗaki ya karanta a makarantar fasaha, kuma zanen ya yi ta yi shekara da shekaru a wata masana'antar katako da ke unguwar Bassa. A can ya fitar da kujerar da aka san shi da ita: gajeruwa ce mai siraran hannaye, bayanta a kishingiɗe, ƙafafunta sun ɗan buɗe waje. Ba sassaƙa, ba ado, sai jan katako mai santsi. Manyan ma'aikatan da ke zaune a unguwar masu hali ta Bali suka yi ta saye. Daga baya aka fara shigo da jibga-jibgan kushin masu ruwan gwal, masana'antar ta rufe, ya dawo unguwarsu ta New Bell yana gyaran benci da ƙofofin kicin. Tun daga nan ya daina musu idan an ce masa kafinta.

Kujerun guda biyu suka rage masa, suna falo. Saboda su ne Sa'ida take ta zarya. 'Yar unguwar ce, ta yi karatu, ta buɗe shagon tsofaffin kayan ɗaki a Bali.

"Baba, irin waɗannan ake nema yanzu," in ji ta. "Har daga Faransa ake tambaya. Zan rubuta sunanka a kati in ajiye a gefensu."

"Da nake neman mai saye babu wanda ya tambayi sunana," ya ce. "Ki gaida babanki."

Wata Juma'a ruwan sama ya tsare shi a masallaci, lambatu suka cika, bai samu tsallakowa gida ba sai bayan la'asar. Tun daga ƙofa ya ji ƙaurin shinkafa. Ya tarar da matarsa Rakiya a cikin ɗaya daga kujerun, ta riƙe hannayen kujerar gam, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, ta ma daina zama a kansu. Ranar dai jiri ya ɗebe ta, ta faɗa cikin wadda ta fi kusa, tashi kuma ya gagara.

"Me ya hana ki kiran maƙwabta, Hajiya?"

"In ce musu me, Malam? Kujera ta kama ni?"

Ya sauke tukunyar, ya dawo ya kama hannayenta ya ja. Ta ɗago kaɗan, ta koma. Ya sake ja, bayansa ya amsa, sai da ya dafa bango. A ƙarshe Hawa'u ta gidan kusa ya leƙa ya kira, ita ta sa kafaɗa ta miƙar da Rakiya, ta fita ba ta kalli fuskarsa ba.

Washegari ya kai kujerar rumfar Tanko, wani kafinta da ke bakin titi, mai buga gadaje da akwatunan talabijin. Shi Bashir hannunsa ya fara rawa, zarto ba ya bin layi a hannunsa yanzu. Ya ce a ƙara wa ƙafafun tsawo, a kuma tayar da bayan.

Tanko ya shafa hannun kujerar ya ce, "Malam, irin wannan katakon ba ni da shi. Farin katako ne kawai, na akwatunan kayan tashar jirgin ruwa."

"Sa shi."

"Zai yi muni fa."

"Na sani. Ni na zana ta."

Ya zauna a kan wani buhun ɓuntun katako yana kallo. Tanko ya yanka guntaye huɗu, ya kafa su da kusoshi, ya haɗa ƙafafun da sanda don kada su buɗe. Da za a tayar da bayan sai da aka tsinke haɗin da Bashir ya taɓa kwashe watanni yana gwadawa kafin ya zauna daidai ba tare da ƙusa ba. Ƙarar tsagewar ba ta da yawa. Bashir ya nemi ruwan sha.

Rakiya ta zauna a kai da yamma, ta miƙe da kanta, ta sake zama.

"Yanzu ta zama kujera," ta ce.

Da Sa'ida ta dawo a makon, ta tsaya a bakin falon ta daɗe tana kallon fararen guntayen.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni na sa."

"Da ka faɗa mini, ai da na kawo wa Mama sabuwa mai tsayi, ka bar wannan yadda take."

"Da kin kawo," ya ce. Shi ma tunanin ya zo masa, a rumfar Tanko, bayan an riga an yanka. Ya nuna ɗayar da haɓa. "Ɗauki waccan. Ni ma gwiwoyina sun fara magana. In ta ƙara wata biyu a nan, wurin Tanko za ta."

Ta tambaye shi yadda yake so a rubuta sunansa, da shekarar da ya zana ta. Sunan ya faɗa mata. Shekarar kuwa ya yi ta lalube, sai Rakiya ce ta tuna daga kicin, ta ce shekarar da suka yi aure ce.

Aka kira mai babur, aka ɗaure kujerar a baya da igiyar roba, ƙafafunta suna kallon sama. Bashir ya raka su har bakin lungu yana cewa a bi a hankali wurin ramin nan na gaban masallaci. Sannan ya dawo, ya ce wa Rakiya kada a tashe shi sai magariba, ya shiga ɗaki ya kwanta.