Takin Baba Ɗanmaliki

Ina da wani hali: idan zan hana mutum abu, da Turanci nake hana shi. Bakina bai iya cewa a'a da Hausa ba, sai in ji kamar na zagi mutum.

A shekarun da gwamnati ta ce kowa ya koma gona, ni ne malamin gona mai rabon takin zamani a Kankiya. A nan na tsinci wata magana a bakin maigidana na Kaduna, "my hands are tied", wato ina so in taimaka amma na sama sun hana. Ta yi mini daidai kamar hular da aka ɗinka don kaina. Masu unguwanni sun sha ta, har wani limami.

Wata Laraba sai ga Baba Ɗanmaliki daga Yashe a kan kekensa. Ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya kai ni makaranta mutane suna yi masa dariya. Damina ta kawo kai, ga buhuna jibge a bayana, kuma duk na riga na yi wa manya alkawarinsu. Na ce a raina taki ya zo nema. Wannan mutumin ba a ce masa babu.

Muka gaisa. Ya tambayi matata Rabi da yara, na tambayi mutanen gida. Ya gyara zama ya ce, "Babba, wata 'yar buƙata ce ta kawo ni." Babba yake ce mini, don sunan mahaifinsa gare ni.

Ban bari ya kai ƙarshe ba. Na saki Turancina, har da haɗa hannuwa a kan tebur. Ya tambayi ma'anarta, na kuwa fassara masa tiryan-tiryan kamar mai darasi: hannuwana a ɗaure suke, ko mene ne ya zo da shi, a wannan watan ba ni da iko, ko motsi ba na yi sai da izinin Kaduna.

Ya jima yana kallon hannuwan nawa.

"Ashe haka aikin ya mai da kai," ya ce. "Allah Ya kwance ka."

Ya ƙi tsayawa cin abinci. Na raka shi bakin titi ina jin kaina gwani, na hana ba tare da na ce a'a ba.

Bayan sallar Juma'a na haɗu da ƙanena Kabo a kasuwa, ya sha sabuwar riga, yana rabon goro. Na tambaye shi na mene ne. Ya yi mamakin ban sani ba. Auren Jamilatu ne, autar Baba, kuma shi zai ba da ita. Ya ce Baba ya so a ce ni ne waliyyi, tunda ni ne a madadin babanmu, har ya taka ya same ni, amma ya dawo ya ce a ƙyale ni, gwamnati ta ɗaure ni.

Na tambaye shi, to takin fa?

Kabo ya ce Baba bai taɓa zuba takin zamani a gonarsa ba. Kashin awakinsa yake kaiwa.