Ƙunshi Biyu a Jakar Miracle

A wata firamare da ke Wara, kan hanyar da ta gangara bakin tafki, iyaye mata sun ɗauki mummunar ɗabi'a. In sun rako yara da safe, sai su tsaya bakin ƙofa suna leƙen abincin 'ya'yan mutane. Gwanar wannan aiki ita ce Asama'u, matar mai babban shago a kasuwa. Ɗiyarta Suwaiba tana aji uku, kullum jakarta cike da biskit da lemon kwali da cincin na leda. Asama'u na kiran wannan gata. Ba gata ba ne, lalaci ne mai tsada.

A ajin akwai Miracle, ɗiyar Rachel, wata Kirista da ta sauko daga ƙauyukan kan tudu ta zauna gefen gari tana noman dawa. Abincin Miracle a ganye yake zuwa, ɗaure da kaba: tuwo da wata baƙar miya mai kauri da ake jin warinta daga nesa.

Wata rana aka kai wa Asama'u labari cewa an ga hannun Suwaiba cikin ganyen nan. Ta saka mayafi ta nufi ofishin hedimasta, Malam Abdulrahman.

"Malam, ba mu san mi suka yanka ba, ba mu san wa ya yanka ba. Ko gafiya ce, ko abin da ba a faɗin sunansa. A sallami yarinyar nan, in ba haka ba ni da mata biyar mu kwashe namu."

Hedimasta mutum ne mai gudun rigima, kuma ya riga ya karkata ga sallamar. Amma ya ce a fara jin ta bakin uwar. Washegari da hantsi Rachel ta zo kai tsaye daga gona, ƙafafunta duk laka, ɗauke da 'yar tukunya a naɗe cikin tsumma. Miracle na tsaye a bakin taga da jakarta a kafaɗa, don an ce mata kada ta shiga aji.

Hedimasta ya ce a kwance ƙunshin yau. Sai ga ƙunshi biyu a jakar, ɗaya da ƙulli ɗaya, ɗaya da ƙulli biyu.

"Mai ƙulli biyu na Suwaiba ne," in ji Rachel. "Warangi ne, Malam, ƙananan kifayen tafkin nan da ake shanyawa. Ina daka su da daddawa da barkono."

"Haka kika ce," Asama'u ta katse ta.

"Haka na ce, Maman Suwaiba. Kafin in fara sai da na tambayi Idi masunci, na ce a addininku kifi na buƙatar yanka? Ya ce, Maman Miracle, in warangi za ki yanka ɗaya bayan ɗaya, sai mun haɗu a tashin ƙiyama."

Hedimasta ya danne dariya. Rachel kuwa ba ta yi ba. Ta kwance tsumman ta aje tukunyar bisa tebur.

"Maigidana Elijah yana farauta, abin da ya kamo cikin tukwanenmu yake shiga. Na san wannan bai halatta gare ta ba. Shi ya sa na sayo wannan sabuwa, da ludayinta da muciyarta. Rataye take daban. Sosonta daban, murhunta ma daban. Tun kafin yankan dawa na bara babu abin da ya taɓa ta sai kifi da tuwon yarinyar nan."

Shekara guda cur ke nan. Kowace safiyar makaranta, kafin ta ɗauki fartanya, matar nan tana hura wuta ta biyu don ɗiyar da ba ta haifa ba, tana tsare dokar addinin da ba nata ba, babu mai gani, babu mai yaba mata. Akwai masu wa'azi da yawa da ba su kai ta kiyaye haddi ba. Malam Abdulrahman ya cire tabarau, ya daɗe yana kallon tukunyar, sannan ya ce a hankali, "Allahu Akbar."

Muryar Asama'u ta yi ƙasa. "To wa ya roƙe ki? Mi ya kai ki?"

Rachel ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta.

"Ki yi haƙuri. Marainiya na ɗauke ta. Miracle ta ce mini akwai wata a ajinsu, kullum abincinta daga leda yake fitowa, babu abin da ya taɓa hawa wuta. Mu innarmu ta koya mana, in ka ga yaro haka, uwarsa ta rasu ne, kuma duk mai murhu ta san abin da ya rataya a wuyanta. Sai jiya da aka aiko kirana na ji kina raye."

Watanni Asama'u ta yi tana nuna wa mata kumatun Suwaiba a bakin ƙofa, tana cewa ga amfanin abinci mai kyau. Aka kira yarinyar. Uwar ta tambaye ta ina biskit ɗin yake tafiya.

"Akuyar maigadi muke ba, Inna. Ita tana so."

Rachel ta tura tukunyar gaban Asama'u. "Tunda tana da uwa, ga kayanta. Daga gobe ƙunshi ɗaya zan yi, in an bar tawa ta zauna."

"Malam, na janye," in ji Asama'u. "Sauran matan ni zan je in same su." Ta juyo ga Rachel, idonta ya yi ja. "Yaya, ki ƙara mini sati ɗaya. Ban iya tuƙa tuwon dawa ba."

"Ki zo ran Asabar da safe. Ki sa zane mara kyau, akwai hayaƙi."

Hedimasta ya leƙa ta taga ya ce, "Ke Miracle, mi kike jira? Wuce aji, an fara lissafi."