Zankon Kazar Jego

Ni dai tun da safe na faɗa cewa kazar nan ba ta da lafiya, amma wa ke jin maganar matar ɗa a gidan Inno?

Inno uwar mijina ce. A bayan gidanmu na unguwar New Bell a Douala, tsakanin banɗaki da katangar maƙwabta, ta kafa akurki da tsofaffin kwanukan rufi, kuma wallahi kajin nan sun fi mu daraja a wurinta. A cikinsu akwai wata ja mai ƙiba da ta ware tun ranar da 'yarta Kausar ta gaya mata tana da ciki. A gidansu, abin da mai jego take fara sa wa a baki shi ne farfesun kazar da uwarta ta kiwata da hannunta. Kazar firji ta kasuwar Marché Dakar kuwa, Inno ba ta ma lissafa ta cikin abinci.

To, Kausar ta haihu, an sallamo ta daga asibiti da ɗanta namiji, jikan Inno na fari ta wurin 'ya mace. Ruwa kuma ya yini ya kwana yana zuba irin na Douala, kwata ta cika ta shigo har tsakar gida. Da na je zuba wa kaji dusa, sai na ga jar kazar a rakuɓe, fuka-fuki a sake. Zankon kanta, wanda kullum yake ja jawur a miƙe, ya kwanta gefe guda ya koma launin zoɓon da ya kwana, baƙi-baƙi. Fuskarta ma ta kumbura.

Gabana ya faɗi. Inno da kanta ta koya mini duba zanko: in ya yi ja, kaza na ƙwai, in ya koɗe ya yi fari-fari, ko ƙwarƙwata ce ko kwanci take so. Amma wannan launin ba ta taɓa ambata shi ba. A bakin ƙawata da ke aure a unguwar Nylon na ji shi, lokacin da kajin layinsu suka ƙare ƙaf, har ma'aikatan lafiya suka hana mutane taɓa su, wai cutar tana kama mutum.

"Inno, zo ki ga zankon kazar nan."

Ta zo ta ɗaga ta, ta juya ta, ta hura mata fuska. "Sanyi ne. Ke ma in kika kwana cikin ruwa ai leɓenki zai yi baƙi. Maza, Fauziya, ki nemo namiji ya yanka kafin ta zama mushe."

"Inno, mai jego fa za a ba."

"To domin wa na kiwata ta? Ke?"

Na juya, raina na tafasa. Mace ba ta yanka a gidan nan, maza kuma duk sun fita: mijina yana ofis a Bonanjo, ƙaninsa yana tashar jirgin ruwa. Na kira mijina bai ɗauka ba. Na fita ina tsallake ruwa, ina roƙon Allah kada in sami kowa. Ai kuwa sai ga Malam Hamman tela a bakin shagonsa, yana zaune kamar ni yake jira.

A hanya na roƙe shi. "Malam, don Allah ka dubi zankonta kafin ka sa wuƙa."

Da muka iso gida, ya duba ɗin. Sannan ya ja ƙafarta, ta motsa. "Tana da rai, yanka ya halatta. Sauran kuma ni ba likitan dabbobi ba ne, 'yata."

Kai jama'a! Ina tsaye ya yi bismillah ya yanka. Jinin ya fito a hankali, mai duhu. Inno ta tafasa ruwa, ta fige ta da hannunta, ta fafe cikin, ta yayyanka, tana ta yi wa jikanta waƙa. Citta, masoro, tafarnuwa, duk ta zuba. Ƙamshi ya cika gidan.

Daga ɗaki Kausar ta ɗaga murya a gajiye: "Inno, yunwa fa nake ji."

"Saura kaɗan, uwata!"

Na rasa inda zan sa kaina. In na kifar da tukunyar, aurena na kifar. In na yi shiru, Kausar za ta sha, ga jariri a nono. Ƙafafuna suka kai ni akurki ba tare da na san abin da nake nema ba. Na durƙusa na leƙa can ciki, inda duhu yake.

Zakaran Inno yana kwance, ƙafafu a sandare. Kusa da shi wata baƙar kaza, ita ma ta tafi. Sauran suna tsaye suna haki, baki a buɗe, kuma kowacce zankonta ya fara rinewa.

Na sa leda a hannu, na jawo zakaran ta ƙafa, na kawo shi har gaban murhu na ajiye. Inno tana riƙe da kwano, ta riga ta zuba romo, cinya guda a sama.

Ta dubi zakaran. Ta sunkuya ta ƙura wa kansa ido, ta daɗe. Jiya da yamma ya yi cara, dukanmu mun ji.

"Sauran fa?" ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Duk haka suke, Inno."

Na zaci zagina za ta yi, na ma shirya. Sai ta juye romon cikin tukunya, ta ɗauki tukunyar da zafinta, ta kai bayan gida ta tuttular. Na ji tausayinta har hawaye suka zo mini, ni da na yini ina jin haushinta.

Ta dawo ta wanke hannu da sabulu, ta ɗauraye, ta sake wankewa, tana kallon gashin kaza da ya maƙale a zaninta.

Jaririn ya tsala kuka. Kausar ta ce, "Inno, zo ki karɓe shi mana, bayana ciwo yake."

Inno ta taka har bakin ƙofa, ta tsaya. Ta mai da hannayenta biyu baya ta riƙe.

"Ba zan shigo ba," ta ce. "Ɗaga mini shi in gani daga nan."