Ziggy na Brickyard Yana Kan Layi

"Ƙarya za ka yi masa," in ji Loretta. Ta tare ƙofar kicin da jikinta, ludayi a hannu. "Goge wannan murmushin, ka shiga ka ce masa Harlan aka ɗauka."

Otis Pruitt ko ƙanƙarar da ke takalminsa bai gama kakkaɓewa ba. Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, fuskar ta ƙi ɗauruwa. Da ƙarfe goma na safiyar nan kulob ɗin ƙwallon garin, irin ƙwallon nan da ake ɗauka a hannu ana karo, ya sanar da sabon koci, Colby Renner, ɗan shekara talatin da huɗu, wanda Otis ya kwashe mako uku yana roƙon Allah a ɗauka. Takanas ya tsallako daga gidansa don ya guma wa maƙwabcinsa Ziggy Dudek, mijin Loretta.

"Haba Loretta, ai duk gari ya ji."

"Shi bai ji ba. Na zare wayar rediyo na ce masa ya lalace. Rimot ɗin talabijin yana cikin injin wanki." Ta rage murya. "Nas ta zo da safe. Ta ce yau ne ko gobe. Shekara hamsin da biyu ina zaune da mutumin nan, Otis, ban taɓa ganin kulob ɗin nan ya faranta masa rai mako biyu a jere ba. Ba zai tafi da baƙin ciki ba. Ka ji ni?"

Murmushin ya goge kansa.

Shekara talatin da shida Ziggy ya yi a masana'antar ƙarfe, can ya baro huhunsa. Likitoci sun ce ba zai ga Kirsimeti ba. Ya gani, ya ga sabuwar shekara, ya ga kulob ya sha kashi a wasansa na rufe kakar bana an kori koci. Sai ya sanar daga kan gadon asibitin da aka kafa masa a falo cewa babu inda za shi sai ya ji wanda za a ɗauka.

Shi Ziggy, Buck Harlan yake so, dattijo ɗan sittin da uku mai tsayawa bakin fili da riga mai gajeren hannu ana zuba ƙanƙara. A wurin Ziggy, ƙwallo shi ne ka rungume shi a ƙirji, ka sunkuyar da kai, ka ratsa ƙarti taku uku-uku cikin caɓi. Otis kuwa, tsohon direban bas, ya ce wannan ƙwallon kakanni ne, yanzu jefawa ake yi sama, kuma Renner yaro ne mai ƙwaƙwalwa da ke tambayar kwamfuta kafin ya yanke shawara. Shekara talatin da ɗaya ke nan suna wannan musu ta saman shingen da ya raba gidajensu a unguwar Brickyard. Rabon kulob ɗin da kofi kuwa tun Ziggy yana ɗan ashirin da ɗaya.

Otis ya shiga falo. Ziggy yana jingine da matasai uku, tiyon iska a hanci, hular kulob a kai.

"Ɗan bas," ya ce da ƙyar. "Fuskarka kamar an ƙwace maka lasin. An sanar?"

Otis ya dubi ƙofar kicin. Ludayin yana leƙowa.

"An sanar. Harlan ne."

Ya tsaya yana jiran ihu, yana jiran a kira shi jaki, a tuna masa duk wani kocin da ya taɓa yabo aka kora. Ziggy ya kalli silin kawai.

"Harlan," ya ce. "To." Can ya juyo. "Ka yi haƙuri, Otis. Na san ka so yaron nan."

Shekara talatin da ɗaya Otis bai taɓa jin kalmar haƙuri daga bakin nan ba, har ranar da Ziggy ya ja motarsa da baya ya tumɓuke masa akwatin wasiƙa.

Loretta ta kawo miyar kaza. Ziggy ya kau da kai. Ta ce ko cokali biyu, ya ce a'a, a kira masa Fada, limamin cocinsu.

Kafin ƙarfe biyu Fada Benedict ya iso, gyalen kulob naɗe a wuyansa a ƙarƙashin kwat. Loretta ta tare shi a kicin kamar yadda ta tare Otis.

"Ni ba na ƙarya, Loretta."

"Ban ce ka yi ba, Fada. Ka yi shiru kawai. An taɓa hana limamin coci yin shiru?"

"Amma koci ɗan talatin da huɗu! Ina da takalmin da ya girme shi."

"Fada!"

Ya shiga ya zauna a gefen gado, ya buɗe 'yar jakarsa. Ziggy ya ce, "Fada, ka ji Harlan?" Fada ya duƙufa neman wani abu a cikin jakar, ya ce al'amuran Ubangiji suna da ban mamaki.

Sai Otis ya ga hawaye na bin kuncin Ziggy, yana gangarawa ta gefen tiyon. Ba hawayen murna ba ne. Otis ya ga na murna sau ɗaya, shekarar da kulob ya kusa zuwa wasan ƙarshe na cin kofi, kuma ba haka suke ba.

"Mene ne, tsoho? Ciwo ne?"

"Za su ci," in ji Ziggy. "Da Harlan za su ci kofin, Otis. Baɗi war haka." Ya ja numfashi. "Shekara hamsin da takwas ina zaune cikin sanyin filin nan. Na binne ubana bai sake ganin kofi ba, na binne ƙanena. Sai da suka tabbatar na tafi, sannan suka yi hankali. Za a yi zagayen gari, za ku bi ta ƙarshen layin nan da kofi, ni ina ƙarƙashin ƙasa. Shekara ɗaya tak! Ɗaya fa!"

Loretta tana tsaye a bakin ƙofa, ta rufe baki da tawul ɗin goge kwano. Otis ya dube ta. Ta girgiza kai. Ya sake dubanta. Ta sauke tawul ɗin, ta gyaɗa kai.

"Ziggy," in ji Otis. "Ƙarya na yi maka. Renner aka ɗauka."

Injin iska ya yi ta hucinsa a ƙuryar ɗaki.

"Wa?"

"Renner. Kwantiragin shekara biyar."

"Yaron kwamfuta?"

"Shi."

"Fada?"

"Gaskiya ne," in ji Fada, kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka. "Tun safe abin yake cina."

Ziggy ya kama ƙarfen gadon ya ɗago kansa daga matashi, abin da ya kwana huɗu bai yi ba. Jini ya dawo masa fuska.

"Jakuna!" ya ce. "Jakunan banza! Shekara biyar? Ai ko kofin shayi ba za su ci ba!" Ya fashe da dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya koma dariya. "Babu abin da zan rasa ke nan. Ku zauna ku sha wahalarku. Loretta! Ina miyar nan? Kuma ki tayar da rediyon da kika kashe, na san lafiyarsa ƙalau. A ba ni waya."

Duk wanda ke sauraron shirin wasanni na Dutch Mallory daga ƙarfe uku zuwa shida ya san Ziggy na Brickyard. Shekara ashirin da biyu yana kira duk Litinin, bai taɓa kira don yabo ba. Otis ya danna masa lambar. Matar da ke tace kira ta ɗauka, ta ce, "Ziggy! Mun ɗauka ka daina kiranmu." Ya ce yana daf da dainawa. Ta ce mutum goma sha ɗaya ne a gabansa, yau kowa ya haukace, ya jira a kan layi.

Aka ɗora masa wayar a ƙirji. Ya sha miya cokali biyar. Fada ya ce ko a yi addu'ar shafa mai ta marasa lafiya yanzu, tun da ana jira. Ziggy ya ce a yi, amma in aka kira sunansa a dakata.

Wani Gary ya shigo rediyo yana cewa Renner ne zai ceci garin.

"Wannan ɗan'uwanka ne, ɗan bas?"

"Mai hankali ne dai."

"Mai hankali! Ji muryarsa, a ɗakin uwarsa yake kwana."

Fada ya shafa masa mai a goshi yana addu'a ƙasa-ƙasa. Wata mata ta kira ta ce ita dai kocin ya yi mata kyau a hoto. Ziggy ya ce amin, ba a san ko da Fada yake ba ko da ita. Aka tafi tallan katifa.

"Saurara, Otis, in gwada a kanka. Abu uku zan gaya wa Dutch." Muryar ta yi ƙasa, sai da Otis ya matso da kujera. "Na ɗaya, mutumin da ba a taɓa fasa wa hanci ba, ba zai koya wa ƙarti karo ba. Na biyu, kwamfuta ba ta san iskar da ke tasowa daga tafki a watan Disamba ba. Ka jefa ƙwallo sama a filin nan, sai dai ka je wata jiha ka ɗauko."

"Shirme. Ai filin nan za a yi masa rufi."

"Tun ina da gashi ake cewa za a yi masa rufi."

"Na ukun fa?"

"Na ukun sai na shiga. In na gaya maka yanzu za ka shirya amsa."

Saura mutum shida. Saura huɗu. Aka karanta yanayin hanya, aka ce babbar gada ta cushe. Aka sake tallan katifa. Ziggy ya lumshe ido, hannunsa ɗaya a kan wayar, ɗaya a hannun Loretta. Otis yana kallon wayar tana hawa tana sauka a kan ƙirjin. Wani ya kira daga cikin mota yana ihu a kan 'yan tsaron baya. Otis ya juya zai ce wa Ziggy ko wannan ma ya fi shi sanin ƙwallo, sai ya ga wayar ta tsaya wuri ɗaya.

Fada ya taɓa wuyan Ziggy, ya daɗe, sannan ya yi alamar gicciye. Loretta ba ta saki hannun ba. Babu wanda ya tuna da kashe komai.

Bayan kamar minti huɗu wayar ta yi ƙara a kan ƙirjin mamacin.

"Jama'a, ga wanda nake jira tun safe! Ziggy na Brickyard, tsohon maƙiyina, kana kan layi. Rage rediyonka, ka zage ni."

Loretta ta miƙa hannu ta murɗe rediyon. Ta kalli Otis, ta nuna wayar da haɓa.

Otis ya zare ta a hankali daga ƙarƙashin yatsun Ziggy. Da ɗuminta.

"Dutch, ba Ziggy ba ne. Maƙwabcinsa ne, Otis Pruitt."

"To, Otis, ina mutumin? Ya suma ne da jin labari?"

"Ya rasu, Dutch. Yanzun nan, yana jiran layi. Da ka rage tallan katifar nan da ka same shi."

Shekara ashirin da biyu ba a taɓa jin Dutch Mallory ya yi shiru ba. Ya yi yanzu, har Otis ya duba ko layin ya yanke.

"Allah ya ji ƙansa," in ji Dutch daga baya, muryarsa ta sauya. "Ya bar saƙo?"

"Ya bari. Abu uku." Otis ya gyara murya. Ya faɗi zancen hanci, kalma bayan kalma, yadda aka gaya masa. Ya faɗi zancen iskar tafki, har da zuwa wata jiha ɗauko ƙwallo. Bakinsa yana ɗaci, don bai yarda da ko ɗaya ba, amma bai rage komai ba.

"Na ukun fa?"

Otis ya kalli gadon. Hular ta ɗan karkace a kan Ziggy, bakinsa a buɗe kaɗan, kamar mai jiran a gama ya sa baki.

"Na uku," in ji Otis, "ya ce maƙwabcinsa Otis Pruitt bai san komai a kan ƙwallo ba."

"Kai kuma ka yarda da haka?"

"Ko kaɗan," in ji Otis. Ya kashe wayar.

Loretta ta ɗaga muryar rediyo. Shirin kullum yana bin bayan waya da 'yan daƙiƙoƙi, don haka muryar Otis ba ta gama isowa ba. Ta fito daga cikin rediyon, ta tsufa fiye da yadda yake zato, tana cika falon: "...bai san komai a kan ƙwallo ba."

Su ukun suka tsaya suna saurare. A waje motar kwashe ƙanƙara ta bi layin a hankali, fitilarta tana haska labule tana ɗaukewa.