Yara Uku, Ba Talatin Ba

Akwai garin fulawa a gashin girar mutumin da ke zaune bakin teburina. Shi ne mai gidan burodin da wani shafin intanet ya ce ya kwantar da yara talatin a asibiti. Kwana biyu ke nan yana gasa burodi ba mai saye.

A jaridarmu edita yana da doka: duk labarin da ya taɓa mutuncin wani, wanda ya rubuta shi zai karanta wa mutumin ido da ido kafin a buga. Ba don ya canza komai ba. Edita ya ce abin da bakinka ya kasa faɗa a gaban mutum, hannunka ma bai kamata ya rubuta ba. Ni kuwa ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci.

Kafin in rubuta labarin na je asibitin, na je makarantar da yaran suke karatu. Nas ta ce yara uku ne, an sallame su tun ranar. Shugabar makarantar ta nuna mini tankin ruwa mara murfi, ta ce ruwansa likita ya zarga, ba burodi ba. Na kira likitan, ya tabbatar.

Abokin aikina, wanda muke kira Kandagarki saboda son tare labari kafin kowa, ya leƙo allon kwamfutata.

"Ƙanwata, wannan kanun ko kakata ba za ta danna ba. Ina gishirin?"

"Kakarka tana da hawan jini," in ji edita, bai ko ɗago kai ba. "Karanta, 'yata."

Na fara karanta wa mai burodin. Da na zo inda masu duba tsafta suka taɓa yi wa gidan burodin gargaɗi bara, sai na rage murya. Edita ya ce bai ji ba. Na maimaita da ƙarfi.

Mutumin ya ce haka ne, an yi, kuma ya gyara. Sannan ya tambaya, "Uku kika ce?"

"Uku, Baba. Duk suna gida."

"Ni kaina na fara yarda talatin ne."

Edita ya sa hannu a takardar, ya ce a kai shafi na biyu da sunana a sama. Kandagarki ya hau neman a ba shi hoton tankin, wai ko labarin ya ɗan yi armashi. Muna cikin wannan gardama mutumin ya miƙe, ya mayar da kujerar inda ya ɗauko ta, ya fita.