Boris ɗin Gaba na Hagu

Ƙasimu bakanike ya kama tayar motar da hannu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya girgiza ta. Ta amsa da wani ɗan ƙwas-ƙwas. Ƙarar ba ta da ƙarfi, amma Halliru ya ji ta sarai, duk da rugugin manyan motocin shanu da ke tsallake gada suna nufar kara, kasancewar ranar Juma'a ce.

"Ka ji ta?" in ji Ƙasimu. "Kai ka zo da ƙarar fitila, ga mai laifin nan a ɓoye."

Halliru ne direban Alhaji Dalhatu Wali, ɗan kwangila, tun kafin Alhajin ya mallaki mota ta biyu. Shekarun nan da gangar mai ta yi tsada sun cika gidan da jif-jif, har wasu sai dai a rufe su da tamfol. Wannan da ke ɗage a kan jak ita ce tsohuwar cikinsu. Tun shekaranjiya wata fitila ruwan ɗorawa mai haruffan ABS ta kama a gaban sitiyari, kuma duk sanda ya taka birki a hankali sai ya ji birkin yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa.

"To mene ne haɗin fitilar birki da girgizar taya?" ya tambaya.

"Akwai ɗan abin da ke karanta juyin taya, yana gaya wa motar ko ta kusa santsi. Idan boris ɗin da tayar ke juyawa a kansa ya saki, taya na rawa, shi kuma sai ya riƙa karanta ƙarya. Fitilar ba ta lalace ba, Malam Halliru. Ita kaɗai ce mai gaskiya a gidanku."

Halliru bai yi dariya ba. Ƙasimu ya kwance tayar, ya zare notin, ya fito da boris ɗin a tafin hannunsa. Giris ɗin ya yi baƙi ƙirin, yana ƙyalli da garin ƙarfe. 'Ya'yan boris ɗin sun yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, wasu sun ɓantale.

"Ba za ka ɗaure shi ya daina rawar ba?"

"Lafiyayyen boris ake ɗaurewa. Ka matse shi har ya zauna, sannan ka ɗan sassauta ya samu wurin numfashi. Wannan ya riga ya cinye kansa. In na bar shi sake, taya na iya fita. In na matse, ya yi zafi ya cije, motar ta juya da kai. Zaɓi wanda kake so."

"Sabo fa?"

"Sai Kano. Kafin a je a dawo a ɗaura, la'asar ta yi."

Halliru ya dubi rana. Ana saukowa daga masallaci kwambar motocin Alhaji za ta tashi zuwa wani ƙauye can bayan Darki, inda baƙi daga Abuja za su buɗe rijiyoyin burtsatse da ya haƙa. Alhaji ya ce kowace mota ta gidan sai ta fito, domin a wurin baƙi irin waɗannan tsawon kwamba shi ne nauyin mutum.

Ƙasimu ya cika boris ɗin da sabon giris, ya mayar, ya daidaita notin da yatsunsa yana juya tayar yana saurare.

"Ka lallaɓa ta zuwa gida, ka ajiye. Kwamba kuwa ka fi ni sani. Ba a rage gudu, ba a tsayawa a taɓa taya a ji zafinta. Na gaya maka, Allah ne shaida."

A ƙofar gidan da ke Sabon Gari an riga an jera motoci, ana ta goge su. Mata masu girkin taron suna fito da manyan tukwane da kuloli. Halliru ya tarar da Alhaji a zaure yana gyara zaman hularsa, ya durƙusa, ya gaishe shi, ya tambayi gajiya da hidima, sannan ya faɗi abin da bakanike ya gani, bai rage komai ba.

"Tana tafiya ko ba ta tafiya?" in ji Alhaji.

"Tana tafiya, ranka ya daɗe, amma..."

"Da ƙafa ka zo daga garejin?"

"A'a."

"To. Ku direbobi da bakanikai bakinku ɗaya. Fitila ta kama, sai a ce duniya ta tashi." Ya juya ga wani mai gadi. "Samo baƙin salatif a liƙe min fitilar nan, kada baƙi su leƙa su gani."

Halliru bai taɓa ce wa mutumin nan a'a ba, ko a ranar da matarsa ke naƙuda aka aike shi Kaduna. Ya sunkuyar da kai, ya ajiye makullin a kan tabarma.

"Alhaji, ka yi haƙuri. Wannan kam ba zan ja ta da mutane a ciki ba."

Alhaji ya dube shi kamar wanda ya ga kujera ta yi magana. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki makullin, ya leƙa waje, ya ƙwala kira.

"Bilya!"

Bilya ɗan ƙanwar Halliru ne, magidanci mai 'ya'ya biyu. Halliru ne ya koya masa tuƙi, shi ne kuma ya yi ta roƙo har aka ɗauke shi yana jan motar kai yara makaranta. Ya shigo da sauri, ya karɓi makullin da hannu biyu, fuskarsa ta washe. Bai taɓa shiga kwamba ba.

"Kawunka ya tsufa, ya fara tsoron hanya," in ji Alhaji. "Kai ne na uku a layi. Kada ka bar tazara."

Halliru ya bi shi waje, ya riƙe masa hannun riga. "Bilya, boris ɗin gaba na hagu ya mutu. Kada ka hau motar nan."

"Haba Kawu." Bilya ya yi ƙasa da murya. "Kai ka ƙi, ni ma in ƙi? Gobe mu biyu a gida, wa zai kai wa Innata cefane? Zan bi a hankali."

"A kwamba?"

Halliru ya san ƙafar Bilya: mai nauyi ce a kan totur, kuma in mota ta fizge zai danne birki da dukkan ƙarfinsa. Halliru ya tsaya yana kallon tayar. Ƙin da ya yi bai cire mutum ko ɗaya daga motar ba. Wanda zai zauna a bayan sitiyari kawai ya canza.

Ya miƙa hannu. "Kawo."

Da Alhaji ya fito ya gan shi a mazaunin direba, sai ya yi murmushi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kun gani ko? Da ma na san lafiyarta ƙalau. Halliru ba ya hawa motar da ba ta da lafiya."

Maganar ta zaga ƙofar gidan. Masu girkin da ke neman wuri suka nufo jif ɗin da kulolinsu. Daga cikin gida kuma aka fito da Hajiya Turai, mahaifiyar Alhaji, tana dogara sanda. Ta tsaya ta ƙare wa motocin kallo.

"Ina ta Halliru? Ni ita zan shiga. Yaran nan ba su iya rami ba."

Har ta ɗora hannu a kan ƙofar. Alhaji ya taho da sauri irin wanda Halliru bai taɓa ganin ya yi ba, babbar rigarsa tana jan ƙasa, ya kama hannun tsohuwar a hankali.

"A'a Hajiya, zo mu tafi a tawa. Ta fi sanyi."

Bai kalli Halliru ba. Ya tafi da ita, ya buɗe mata ƙofa da kansa, ya gyara mata zama.

Matan suka cika jif ɗin, huɗu a baya, biyu a can ƙarshe tare da tukwane. Wata dattijuwa mai suna Hansai ta zauna a gaba, ta rungume kular miya a cinyarta, ta ce, "Malam Halliru, yau mun yi sa'ar direba."

Motar farko ta danna hon, ta biyu ta bi ta. Halliru ya yi bisimilla, ya sa giya.