Hular Kanar a Gaban Mota

Shekara talatin da huɗu mahaifina, Kanar Abdulbaƙi, ya yi yana aikin soja. Ya je Laberiya, ya je Saliyo, ya je Darfur, ya dawo Illela da lambobin yabo bakwai. Ni Lawwali, ɗansa na fari, ban ci moriyar ko ɗaya ba. Lambobin suna cikin gwangwanin madara tare da allura da maɓallai. Akwai wadda aka ba shi don ya tsare wata gada kwana huɗu har mata da yara suka gama tsallakewa, amma wannan ma a bakin tsohon direbansa na ji. Hularsa kaɗai ya rataye, a ƙusa, saman ƙofar ɗakinsa, inda yake hangen ta daga gado.

Duk mai bin hanyar nan ya san aikin hular soja. Ka ɗora ta gaban mota, jikin gilashi, sai ka ga ana ɗaga maka hannu ka wuce. Na san wani mai sayar da taya da ke yawo da hular kofur, kuma ko sojan gona babu a danginsu. Mu da ke da hular Kanar sukutum a gida, sai ido. Shekarar da albasata ta kwana uku a shinge har ta fara ruwa, na roƙe shi ya buga waya sau ɗaya tak. Ya tambaya ko takarduna sun cika. Na ce saura ɗaya. Ya ce to in je in cika ta. Na yi shekara ina jin haushinsa, ina ce masa inuwar giginya a bayan idonsa. Ga shi da kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, bai taɓa kiran sunana ba. Daga "kai" sai "yaron nan", har na kai shekara arba'in da takwas.

Kowace Juma'a in an sauko masallaci yakan shiga tsohuwar fijonsa ya tsallaka Konni ta Nijar gaida yayarsa, Gwaggo Ramatu. Ita ta raine shi, don yana wata huɗu mahaifiyarsu ta rasu. Idan ya iso shingen sojoji na bakin iyaka sai ya bi layi, ya fito, ya buɗe but da hannunsa tun ba a tambaye shi ba. Yara 'yan bana-bakwai suna sara masa suna roƙon ya wuce, shi kuwa yana tsaye cikin rana sai an duba. Ni in ina motar kunya ke kama ni.

Daminar da aka yi juyin mulki a Nijar aka rufe iyaka. Kowa ya koma bin gonakin gero a kan kabu-kabu, shi ya ce ba zai shiga ƙasar mutane ta bayan gida ba. Wata biyu bai ga Gwaggo ba, ciwon zuciyarsa kuma ya tashi. Likitocin Sakkwato suka yi iya yinsu, suka ce mu dawo da shi gida.

Ran wata Talata da hantsi ƙanwata Latifa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ja ni zaure. Ta ce ƙafafunsa sun fara sanyi, da wuya ya ga la'asar. Ta ce tun safe magana ɗaya yake maimaitawa, a ɗauko masa Yaya.

Gwaggo ta haura tamanin, bara kuma ta karye a ƙugu, ba ta iya zama kan babur. Na kira ɗanta Mukhtari a Konni. Bayan kamar sa'a guda ya kira ni ya ce sojojin can sun tausaya, sun bar ta ta fito, amma ita kaɗai, ba mota ba ɗan rakiya. Sun ajiye mata kujera gindin wata aduwa, daf da shingensu. Tsakanin shingen nasu da namu akwai tafiyar da ta fi kilomita ɗaya, kwalta ce fetal. Abin da ya rage kawai mota ta wuce shingenmu ta ɗauko ta.

Na leƙa ɗakin Baba na ga idonsa a rufe. Na miƙa hannu na zare hular daga ƙusa.

"Yaya Lawwali, mi kaka yi?" in ji Latifa, murya ƙasa-ƙasa. "Maida ta."

Na ce ta ji da majinyaci, ni in ji da hanya. Ba zan ɓoye ba, ban da gaggawa har da wani daɗi na ji a raina. Yau dai hular nan za ta yi mini aiki ko sau ɗaya.

Na ja fijon Baba. Tun daga nesa tireloli ne jere a gefen hanya, sun yi makonni a tsaye, direbobi sun kafa murhu a ƙarƙashinsu. Na ratsa su na isa inda aka tare hanya da ganguna da katako mai ƙusoshi. Ban rage gudu sosai ba, don na ga yadda masu hula ke yi. Wani Saje baƙi siriri ya ɗaga hannu, an rubuta Maharazu a ƙirjinsa. Ya dubi motar, ya dubi hular, ya daɗe yana dubanta. Sai na ga ya haɗe ƙafafu ya ƙame. Na ce a raina, ka ga aiki.

Ya sunkuyo ta taga ya ce a hankali, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe Kanar ya rasu?"

Na ce masa Kanar na nan da ransa.

"Yana da rai, kuma hularsa tana gaban mota?"

"Shi yab ba ni," na ce.

Har yau in na tuna ƙaryar nan sai in ji bakina ya yi ɗaci. Mutum yana kan gargara, ni ina nan ina shafa masa abin da ya yi shekara talatin yana gudu.

Fuskar Saje ta sauya. Ya ce in kashe mota in fito. Ya zare makullin, ya ɗauki hular da hannu biyu, ya je ya yi magana a rediyonsu. Da ya dawo ya ce shekararsa biyu a shingen nan, kuma kafin a rufe iyaka duk Juma'a shi ke duba but ɗin motar nan. Ya ce duk sojan da aka turo Illela, labarin Kanar ake fara ba shi kafin a nuna masa wurin kwana. In je in yi wa wani ƙarya, ban da shi. Farar hula da kayan soja a mota, doka ta ce a riƙe motar har ofisa ya zo, ofisa kuwa ya fita sintiri, sai bayan la'asar.

Bayan la'asar. Nan na manta da hankali. Na yi ta zuba, na tambaye shi ko ya san ɗan waye ni. Ya ce ya sani, shi ya sa. Direbobin tireloli suka taso kallo, wani ya ce kayan aro ba ya rufe katara, aka yi dariya. Na ce zan kira manya. Ya ce bismilla, ya koma ya zauna kan buhun yashi. Na duba wayata, babu lambar babba ko ɗaya a ciki, don Baba bai taɓa haɗa ni da kowa ba. Na fi rabin sa'a ina kai da komo, in yi barazana, in yi lallashi, har na zura hannu aljihu. Kallon da ya yi wa hannun ya sa na fito da shi wayam.

Sai wayar ta yi ƙara. Latifa ce. Ta ce numfashin ya sauya, yana ja yana tsayawa, ina muke?

Na tsuguna gaban Saje, ni da furfurata, na faɗa masa komai. Na ce sato hular na yi yana barci. Na nuna masa can ƙarshen kwalta, inda aduwar take, na ce akwai tsohuwa a gindinta wadda ta goyi Kanar, ita yake kira.

Ya miƙe tsaye. "Malam, me ya hana ka faɗi wannan tun farko?"

Ya ce majinyaci da gawa suna da izini a kansu. Da soja ɗaya zai sa mini a mota, minti goma mun je mun dawo. Amma yanzu ya riga ya kai maganar sama, motar ta fita hannunsa, ba zai kira ya ce ƙarya ya yi ba. Sauri ya haifi nawa, kuma ni na yi masa ungozoma. Ya karɓi katin shaidata ya ce ƙafa dai ba a riƙe ta ba, in zan iya in je.

Rabona da gudu tun ina makaranta, ga tumbi. Na tattare riga na zuba a guje, takalmi ɗaya ya tsinke na yar da duka biyun. Kwalta ta yi zafi kamar tanda. Na tarar da Gwaggo zaune ƙanƙame da 'yar ƙwarya ɗaure a tsumma, furar da ta dama masa ce. Ta tambayi mota. Na gaya mata a taƙaice.

"Ka ɗauki hullar Auta?" ta ce. "Kai dai ba ka da wayo. Duƙa."

Na duƙa. Ta hau bayana da salati saboda ƙugun, ta ɗaure mu da mayafinta, ƙwaryar na dukan ƙirjina. Da farko ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar damin kara. Kafin mu yi rabi sai na ji kamar buhun gero biyu nake ɗauke da su. Tana ta magana a kunnena, wai haka ta goyi ubana tun daga ƙauyensu Kalmalo har Konni tana 'yar shekara sha ɗaya, kuma ita ba ta yi wannan haki ba.

Wayar ta fara ƙara a aljihuna. Hannuwana biyu suna tallafe da ita, in na saki ɗaya za ta zame. Ta yi ta ƙara har ta katse, ta sake, ta sake. Na san kira uku a jere ba na alheri ba ne. Na rage tafiya.

"Kak ka ɗauka," in ji Gwaggo. "In ya tahi, ya tahi. In shina nan, tsayinka na ci mai lokaci. Tahi."

Na ci gaba, hawaye da gumi sun haɗu ba na ganin gabana sosai. Da muka iso, Saje ya riga ya janye katakon da kansa, ya tsayar da keke napep yana jira. Direbobin da suka yi mini dariya su suka kama Gwaggo suka sauke ta. Hular tana hannunsa. Ya ce ba zai iya ba ni ba sai ofisa ya gani, shi zai mayar wa mai ita.

A hanya kunnena kawai nake kasawa, ko zan jiyo kuka tun daga bakin layi. Shiru. A zaure maƙwabta na zaune, liman na karanta Yasin. Na sake goya Gwaggo har bakin gado.

Yana nan. Idonsa a buɗe.

"Auta," ta ce.

"Yaya. Kin iso."

Ta kwance ƙwaryar, amma Latifa ta girgiza kai, ya wuce haɗiya. Da mun zo sa'a guda kafin nan da ya sha. Gwaggo ba ta taɓa goranta mini wannan ba har yau. Ta tsoma yatsa ta shafa masa a leɓe, ta riƙe hannunsa tana yi masa wata magana da ba na ji.

Sai idonsa ya bar fuskarta ya koma saman ƙofa. Latifa ta raɗa mini cewa tun fitata yake kallon ƙusar, kiran nan uku ma shi ya sa ta yi.

"Kai," ya ce. "Ina hulla?"

Na durƙusa na faɗa masa. Ban rage komai ba, har ƙaryar da na yi da sunansa.

Ya ja numfashi, ya daɗe kafin ya samu na magana. "Ta buɗe maka hanya?"

"Ba ta buɗe ba, Baba. Sun amshe ta, sun amshe mota."

"Wa?"

"Wani Saje."

Ya rufe ido. Na ɗauka fushi ne, na sunkuyar da kai ina jira. Sai na ga ƙirjinsa na motsi, ashe dariya ce ba ta da ƙarfin fitowa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "A gaishe shi."

Ko a wannan hali sai da na ji wani kishi ya soke ni. Numfashin da ya rage masa kaɗan ne, ga shi ya aika wa bare da shi. Gwaggo ce ta ce masa ya dubi yaron nan da kyau, goyo ya ɗauko ta tun daga shingen Nijar, ba ko takalmi. Ya juyo da ido a hankali. Ya dubi rigata da ta jiƙe sharkaf, ya dubi ƙafafuna da suka yi bororo.

"Sannu, Lawwali."

Kafin a kira azahar Baba ya cika, hannunsa cikin na Gwaggo. Bayan la'asar muka kai shi.

Washegari muna zaman makoki Saje Maharazu ya zo da fijon, hular na naɗe cikin farin ƙyalle a kan kujera. Na isar masa da gaisuwar kamar yadda aka ba ni. Ya juya mana baya na ɗan lokaci. Daga nan na shiga da shi ɗakin, na nuna masa ƙusar, shi ya rataye ta.